Daga Kilir Zuwa Zango: Tarihin da Ke Cikin Sunayen Unguwannin Jugu da Paraku

Gabatarwa

A ƙasar Faransa akwai wasu tsofaffin garuruwa da mutane ke biyan kuɗin jirgi su je don kawai su taka lungunansu da ƙafa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Karkason, a kudancin ƙasar, mai ganuwar dutse riɓi biyu wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 3, da hasumiyoyi 52. A kan tudu tsohon birnin yake, da fadar mai gari da babban coci. A ƙasa kuma, ƙetaren kogi, akwai gari na biyu da aka zana a ƙarni na 13, zamanin Sarki Luwi na Tara, wanda daga baya ya zama matattarar masaƙa da 'yan kasuwa. Baƙo ko bai iya Faransanci ba, idonsa kaɗai zai nuna masa inda mulki ya zauna da inda kuɗi ya zauna. Ko da yake, a faɗi gaskiya, wani ɓangare na abin da baƙon ke ɗauka a hoto gyara ne da aka fara a shekarun 1850, bayan ganuwar ta kusa zama kango.

Wannan takarda za ta zagaya da ɗalibi cikin wasu garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Jugu da Paraku, waɗanda Faransawa ke rubutawa Djougou da Parakou. Su ma tsarinsu ke nan tun asali: unguwar sarki daban, unguwar fatake daban. Bambancin shi ne da ƙasa da ciyawa aka gina su, damina kuwa ba ta barin ginin ƙasa idan masu yaɓe sun daina. Abin da ya rage a tsaye shi ne sunaye. Mai yawon buɗe ido zai iya ratsa Jugu a cikin mota, ya nufi Natitingu don ya ga gidajen bene na Batammariba, waɗanda UNESCO ta shigar da ɓangarensu na Benin cikin kayan tarihin duniya a 2023, bai san ya wuce ɗaya daga cikin manyan zangunan Afirka ta Yamma ba. Ɗalibin harshe bai kamata ya yi irin wannan wucewa ba, domin kayan aikin karanta garin suna bakinsa.

Hanyar Gwanja

Kafin a shiga gari sai an san hanyar da ta haife shi. Goron da Bahaushe ya fi so a da ba ya fitowa a ƙasar Hausa, a dazuzzukan Asante yake, cikin ƙasar Gana ta yau. Asantawa ba su cika barin fatake su shiga dajin da kansu ba, sai su kawo goron kasuwannin bakin daji, waɗanda mafi girmansu a ƙarni na 19 ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, amma bayan jihadin 1804 ne fataucin ya kai ƙololuwarsa, a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga irin wannan gida na Agalawa ya fito, kuma da goron Gwanja ya fara tara jarinsa.

Ayari kan tashi daga Kano da rani, da jakuna da takarkarai da 'yan dako, ɗauke da kanwa da baƙin yadi na Kura da jemammun fatu da tozali da gabu, wani lokaci da dawaki da bayi. Wasu su bi ta Sakkwato da Jega su ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, wasu su bi ta Yawuri da Busa, su ratsa Kayama da Nikki. Kowace aka bi, sai an ratsa ƙasar Bargu ko gefenta, kuma da yawan hanyoyin a Jugu suke haɗuwa kafin a nufi ƙasar Kwatakwali da Yandi da Salaga. Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama a 1826, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su da mutum dubu, maza da mata, da dabbobi kamar haka. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara.

Goro kaya ne mai reno kamar jariri. Duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance waga, a tsince wanda ya fara ruɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Saboda haka falke na bukatar wurin da zai sauka ya kwana biyu hankalinsa kwance, da ruwa da harawa da wanda zai tsaya masa a gaban sarki. Ga kuma Bargawa, waɗanda 'ya'yan sarakunansu suka yi suna wajen tare ayari. Madugu mai hankali yakan gwammace ya biya fito da gaisuwa a gari a kan ya yi asarar kaya a daji. Daga wannan bukata biyu, ta falke da ta sarki, aka sami garuruwan da muke magana a kansu.

Jugu: Kilir da Wangara

Mu fara daga Kilir, unguwar sarauta. Nan fadar sarkin Jugu take har yanzu, gini ne marar hayaniya, wanda ɗan Kano ko ɗan Zariya zai iya ɗauka gidan wani hakimi ne. Kusa da ita akwai kurmin Kilir, sauran daji mai manyan itatuwa da gari ya kewaye amma bai cinye ba, saboda wuri ne na al'adun gidan sarauta. Mutanen da aka tarar a ƙasar su ne Yowa, masu magana da harshen Yom, amma gidan sarautar yana danganta asalinsa da ƙasar Gurma. A nan Jugu ta bambanta da sauran manyan garuruwan Bargu, inda sarakunan Busa da Nikki da Illo ke cewa su jikokin Kisra ne, wanda labarin baka ya ce ya baro gabas don ya ƙi karɓar Musulunci. Duk da bambancin asali, matsayin ɗaya ne: sarki na riƙe da addinin gargajiya da ikon ƙasa, baƙi Musulmi na riƙe da ciniki da alƙalami. Kowa na bukatar ɗan'uwansa, amma ba wanda ke son kwana a ɗakin wani. Shi ya sa aka bar fili tsakanin Kilir da unguwar baƙi, wadda ake kira Wangara, har matafiya na ƙarshen ƙarni na 19 suka riƙa ambatonsu kamar garuruwa biyu, suna kuma shaida cewa Wangara ta fi Kilir jama'a nesa ba kusa ba. Yau gidaje sun cike filin, mai tafiya ba zai ji ya tsallake iyaka ba sai in an gaya masa.

Kalmar Wangara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta tarihin Kano. Wangarawa ne aka ce sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da Musulunci da fatauci. To, reshen waɗannan mutane ne suka kafa unguwannin ciniki a Bargu tun kafin ayarin Hausawa ya yi yawa a hanyar. Shaidar tana cikin sunayen zuri'a da ake ji a Jugu da Paraku har gobe: Ture, Sise, Tarawore, Fofana, Mande. Duk sunayen ƙasar Mali ne, amma masu su ba sa jin Bambaranci.

Idan aka gangaro cikin tsohuwar Wangara, wajen babbar kasuwa da masallatan da ke kewaye da ita, sai lunguna su ƙuntace, su riƙa lanƙwasa kamar na cikin birnin Katsina, ga zauruka a bakin hanya, ga allunan yara jingine da bango. A nan ya kamata ɗalibi ya rage sauri ya riƙa tambayar sunan duk unguwar da ya shiga. Akwai Leman-Mande, wato unguwar limamai na zuri'ar Mande. Akwai Alfa-Isa, kuma alfa a harsunan Sanwai da Fulatanci shi ne malami. Akwai Baparape, wanda asalinsa sunan sarauta ne, sarautar shugaban 'yan kasuwa Musulmi, mai shiga tsakanin fada da baƙi. Akwai Madina. Sa'an nan can akwai Zongo. Wannan jeri shi kansa tarihi ne: liman da malami da sarkin fatake kowa da unguwarsa a tsakiyar tsohon gari, Bahaushe kuwa, mai kalmar zango, nasa wurin daban.

Aikin mai gida a irin waɗannan unguwanni ya wuce ba da ɗaki. Shi ne zai sauki madugu da jama'arsa, matansa su dafa abincin da za a sayar wa ayari, ya nemo dillali, ya tsaya shaidar bashi, ya raka baƙo fada da gaisuwarsa, ya ajiye kayan da ba a sayar ba har a dawo daga Salaga. Ladansa la'ada ce da kyauta, da kuma abin da ya fi su, wato suna. Falken da ya ji daɗin masauki zai dawo baɗi, ɗansa ma zai sauka a gidan ɗan mai gidan. Da yawan manyan gidajen Jugu da wannan sana'a suka ginu, ba tare da masu su sun taɓa ganin Kano ko Salaga ba.

Harshen kasuwa

Nan ne nake so ɗalibanmu su yi hattara. Mun saba da jin cewa Hausa ce harshen ciniki daga Tarabulus har Kumasi, har wasu na ɗauka duk inda falke ya ajiye kaya, harshensa ya ci garin. A Jugu da Paraku ba haka abin ya kasance ba. Harshen kasuwa da masallaci da zance tsakanin ƙabilu shi ne Dandanci, ɗan'uwan Zabarmanci, daga dangin harsunan Sanwai. Dandi ita ce ƙasar da ke bakin Kwara wajen Gaya da Karimama da Kamba, kuma a Zabarmanci kalmar tana nufin kudu. Can ne ragowar gidan Askiya suka koma bayan sojojin Maroko sun ci su a Tondibi a 1591. Tun kafin nan ma Askiya Muhammadu ya kawo yaƙi Bargu wajajen 1505, ya sha wuya ƙwarai. Abin da takobi bai samu ba, ciniki ya samu: Wangarawan da suka zo Bargu ta ƙasashen Sanwai da harshen can suka iso, shi ya zama harshen unguwanninsu.

Ga wani ɗan misali da ke nuna zurfin abin. A Paraku akwai tsohuwar unguwa mai suna Yebuberi, inda ɗaya daga cikin manyan masallatan garin yake. Ma'anar sunan ita ce babbar kasuwa. A Tambutu, mai nisan fiye da kilomita dubu, babbar kasuwar garin sunanta Yobu Ber. A Yamai kuwa, da ke tsakaninsu, kasuwa habu ce. Ke nan kalmar da ke bakin mutanen Paraku ta fi kama da ta Tambutu a kan ta maƙwabtansu Zabarmawa, abin da ke sa mai nazari ya tambayi kansa ta wace hanya, kuma a bakin su wa, harshen ya iso. Masanin nan ɗan ƙasar Cek, Petr Zima, wanda ya yi aiki a kan Hausa ma, ya wallafa ƙamus na Dandancin Jugu a 1994, kuma duk mai son bin wannan sawu daga nan ya kamata ya fara.

To, ina Hausawan da suka zauna? Da yawansu sun narke. Falke ya auri 'yar mai gidansa, 'ya'yansa suka tashi da Dandanci, jikokinsa suka zama Dandawa, sai dai a ce kakansu daga Katsina ko Kano ko Barno ya zo. Dandi a nan ba jini ba ne, zama ne: Musulmin birni mai ciniki da ke magana da harshen, ko daga ina kakansa ya fito. Idan muka lura, haka Hausa ita ma ta yi wa Agalawa da Barebari da Nufawa a Kano. Abin da muke yi wa baƙi a gida, shi aka yi mana a Bargu. Wanda bai narke ba, Bargawa da Yarabawa na kiransa Gambari, sunan da ke kan wata babbar unguwa a Ilori, wanda masana irin su Paul Lovejoy ke dangantawa da Kambarin Barebari.

Amma Hausa ba ta wuce ba tare da barin sawu ba. Kalmomin fatauci da na sutura da na sarauta sun yi ta kai da kawo tsakanin harsunan nan. Babban bikin Bargu shi ne Gani, wanda ake yi a Nikki a watan Mauludi, da hawan dawaki da dogayen kakaki, ana kuma yin irinsa a Jugu. Ɗalibin da ya san Sallar Gani ta Daura ko ta Gumel ba ya bukatar tafinta a wurin. Har kalmar nan tamu ta "dandi", kamar a "yawon dandi" da "ɗan dandi", akwai masu danganta ta da wannan ƙasa, wato wanda ya bar gida ya bi duniya ya ƙi dawowa. In haka ne, to iyayenmu na gida ba su yi wa masu narkewar nan kallon arziki ba.

Ɗan Jugu a Nuyok

Ba goro da kanwa kaɗai suka bi ta lungunan nan ba, mutane ma an kora ta cikinsu. Mun san haka daga bakin wani ɗan garin, Muhammadu Gado Baƙuwaƙuwa, wanda takardun Turawa suka rubuta Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Jugu a shekarun 1820, a gidan Musulmi 'yan kasuwa. Mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. Kawunsa maƙeri ne mai hulɗa da fada, yana kuma da gida a Salaga, a wurinsa yaron ya koyi ƙirar allura. Sunan Gado an ba shi ne don ya biyo bayan tagwaye, kamar yadda mu muke cewa Gambo. Gida ɗaya ke nan, amma ya haɗa Katsina da Jugu da Gwanja, wato hanyar goro gaba ɗayanta.

Tun yana saurayi an taɓa kama shi a wani yaƙi a Daboya, cikin ƙasar Gwanja, wansa ya fanshe shi. Karo na biyu bai sami mai fansa ba. Yana barantaka a gidan wani basarake kusa da Jugu aka yaudare shi da giya, aka ɗaure shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku a ƙasar Dahome. Wajajen 1845 aka sa shi a jirgin bayi zuwa Farnambuko a Barazil. A 1847 ubangidansa, mai jirgin ruwa, ya tafi da shi Nuyok da lodin kofi, a can masu yaƙi da bauta suka taimaka masa ya tsere. Ya zauna a Haiti, inda ya shiga addinin Kirista, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar Nuyok, sa'an nan a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Ditroit. Labarinsa na ƙarshe a takardu daga Ingila yake, a 1857, yana neman hanyar komawa Afirka. Robin Law da Paul Lovejoy sun sake fitar da littafin da sharhi a 2001.

Muhimmancin littafin ga mai yawo a Jugu shi ne ya bayyana garin kamar yadda yake kafin Turawa: ganuwa da ƙofofi, masallaci, kasuwa, azumi da salla, da tsarin sarauta. Kalmomin harshensu da ya kawo, har da ƙidaya, yawancinsu Dandanci ne, da ɗan gaurayen Hausa da Larabci. Ɗan Bakatsiniya ne, amma da Dandanci yake ƙirga. Ban san wata hujja da ta fi wannan ƙarfi a kan abin da aka faɗa a sama ba face ita kanta. Haka kuma labarinsa ya rushe wani zato mai daɗi da muke yi, cewa Musulmi ɗan gidan mutunci ba ya faɗawa hannun masu sayar da mutane. Hanyar da ta arzuta gidansu ita ta kai shi teku.

Paraku

Daga Jugu zuwa Paraku tafiyar kusan kilomita 135 ce zuwa kudu maso gabas. Paraku ta fi Jugu hayaniya, da 'yan acaɓa da ake kira zemijan, da manyan motocin auduga, da kwalaben fetur na Nijeriya jere a bakin titi. A ƙidayar 2013 mutanenta sun haura 250,000, kuma tun 2001 take da jami'arta. Duk da haka tsohon tsarin yana nan a ƙarƙashin kwalta. Unguwar sarauta ita ce Sinaguru, inda fadar sarakunan da ke ɗauke da sunan Akpaki take. Unguwannin fatake kuma su ne irin su Yebuberi da aka ambata, da Lemanda ta liman, da Baparape, sunan da muka baro a Jugu. Maimaituwar sunayen nan a garuruwa biyu masu sarakuna daban-daban, masu harsunan gida daban-daban, tana nuna cewa tsari ɗaya ne fatake suka riƙa dasawa a duk inda suka sauka. A Nikki irin wannan unguwa sunanta Maro.

A da Paraku tana ƙarƙashin Nikki. A tsakiyar shekarun 1830 sarkin Nikki ya fita da rundunarsa ya taimaki Alafin na Oyo a yaƙin Ilori, aka kashe shi tare da manyan mayaƙansa da yawa. Daga nan ƙarfin Nikki ya ragu, garuruwan da ke da kasuwa suka fara jin kansu, Paraku na gaba-gaba. A nan attajiran Wangara sun yi nauyin da sarki ba ya yanke magana babba ba tare da su ba. Wani abin da ya faru a Nikki a watan Nuwamba na 1894 ya nuna irin wannan nauyi. Lugga, wanda daga baya ya ci ƙasar Hausa, ya yi tsere da Bafaranshe Decoeur don kowa na son ya riga ƙulla yarjejeniya da sarkin Bargu. Lugga ya riga isa da 'yan kwanaki, amma bai ga sarki ido da ido ba, ta hannun limamin gari aka yi takardar, abin da Faransawa suka riƙe hujja suka ce ba ta da inganci. Rigimar ba ta mutu ba sai da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898, wadda ta raba Bargu biyu: Busa da Kayama ga Ingila, Nikki da Paraku ga Faransa. Bargawa ba su karɓi abin hannu biyu ba. Bio Gera ya yi wa Faransawa tawaye a 1916, aka kashe shi a ƙarshen shekarar, yau ga mutum-mutuminsa a wani dandali na Paraku.

Mai yawo a Paraku ƙafarsa za ta kai shi babbar kasuwa ko bai yi niyya ba. Sunanta Arzeke. A sake faɗin sunan a hankali, za a ji arziki, kalmar Larabci da ta shigo Hausa da Dandanci duka. Wata babbar unguwa a garin kuma sunanta Albarika. A cikin kasuwar akwai doya tuli, wadda ake kirɓawa a yi sakwara, abincin da mutanen arewacin Benin ke alfahari da shi, da cukun Fulani da ake kira wagashi, wanda ake rina bayansa ja da karan dafi. A layin masu goro da masu turare da masu yadi da mahauta, Hausa na tashi sosai. Da an matsa layin masu kayan miya sai ta koma Dandanci da Barganci da Yarabanci da Fon, Faransanci kuma na jiran mai takarda. Mutanen garin kan fassara sunan Paraku da cewa garin kowa da kowa ne. Shugaban ƙasar na farko bayan 'yancin 1960, Hubert Maga, a nan aka haife shi a 1916, uwarsa Babargiya, ubansa kuwa baƙo ne daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau.

Zango

Saura kalmar da ta fi kowace zama tamu. A Hausa zango wurin saukar ayari ne, daga nan ya zama tafiyar yini guda tsakanin masauki da masauki, har a zamanin nan muka ara wa makaranta muka ce zangon karatu. Duk ma'anonin na abu mai wucewa ne. Amma a Benin da Togo da Gana, inda ake furta ta zongo, kalmar ta koma sunan unguwa ta dindindin, inda ake haihuwa a yi aure a binne mutum. Zongon Kwatano, da babban masallacinsa, yana tsakiyar birnin. Zongo a ƙasashen nan shi ne Sabon Garin Bahaushe, wurin da shi ne baƙo, kuma ba Hausawa kaɗai ke cikinsa ba, duk ɗan arewa Musulmi nan yake sauka. A Jugu da Paraku, inda tsofaffin baƙi suka riga suka zama 'yan gari a Wangara, zongo ya zama na waɗanda suka zo daga baya suka riƙe harshensu.

Lokacin da zangunan ke kafuwa sosai, hanyar da ta ba su suna tana mutuwa. Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan kasuwannin arewa ya karye, ciniki ya watsu zuwa Kintampo da Kete-Karachi. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, malamai da fatake suka fice, cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya ƙare rayuwarsa a Karachi a 1934. Iyakokin Jamus da Faransa da Ingila suka yanka hanyar gunduwa-gunduwa, kowace da kwastan. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, kuma da dogo ya isa Kano a 1911 sai tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a wajen Agege da Shagamu, fataken Kano ba su da sauran dalilin ratsa Bargu.

Garuruwan biyu ba su sha wannan canji daidai ba. Hanyar goro daga gabas take zuwa yamma, hanyar Faransawa kuwa daga teku take zuwa arewa. Jugu ta zauna a matsayin mararraba, tituna na fita daga cikinta zuwa Paraku da Natitingu da Savalu da iyakar Togo, 'ya'yanta da yawa kuma suka koma sana'ar tuƙi da sufuri. Paraku ce ta ci ribar sabon zamani, domin a shekarun 1930 dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso nan ya tsaya. Shekara da shekaru kayan Nijar a tashar Paraku ake sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya, har ƙasashen biyu suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa a 1959. Direbobi da 'yan kamasho da masu abinci daga Dosso da Maraɗi da Birnin Ƙonni suka cika unguwannin kusa da tasha, aka sake jin Hausa da Zabarmanci a bakin sababbin baƙi. Jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa, motoci suka gaje aikin gaba ɗaya. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, ɗaruruwan motoci suka yi jerin gwano na makonni a kan hanyar arewa, direbobi na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kaya na lalacewa a cikin rana.